Daga Dutsen Magnesiya zuwa Wayar Tangarahu: Tarihin Maganaɗisun Lantarki

Gabatarwa

Kalmomi biyu ne ke ɗauke da wannan tarihi a bakin Bahaushe, wato maganaɗisu da lantarki, kuma dukkansu baƙi ne da suka zama ƴan gida. Maganaɗisu ta shigo Hausa ne daga Larabci, inda harafin ɗa na Larabawa ya zauna daram a harshen Hausa kamar yadda ya zauna a cikin ɗalibi da ɗabi'a da sharaɗi. Larabawa kuwa daga Girkawa suka aro ta, su kuma Girkawa sun laƙaba wa dutsen sunan ne daga wani yanki da ake kira Magnesiya, inda ake samunsa. Ita kuwa lantarki ta bakin Turawan Ingila ta zo, amma idan aka bi salsalarta za a tarar ita ma a Girka ta samo tushe, daga kalmar elektron, sunan wani busasshen ƙaro da ke jan ƙaiƙayi da gashin tsuntsu idan an goga shi da ƙyalle. Bahaushe yana da nasa sunan na gida, mayen ƙarfe, wanda ya bayyana yadda mutane suka daɗe suna kallon abin: wani ƙarfi ne da ake ganin aikinsa ba a ganin hannunsa.

Masana sun daɗe suna ɗaukar maganaɗisu da lantarki a matsayin abubuwa biyu da babu dangantaka tsakaninsu. A shekarar 1820 aka gano cewa ƴan'uwan juna ne, kuma cikin shekara ashirin da huɗu da wannan ganowa aka aika saƙo ta waya daga birni zuwa birni. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda hakan ta faru, da yadda na'urorin ke aiki, da kuma rigimar da ta biyo baya a kan wanda ya cancanci cin moriyarsu.

Dutsen da ke jan ƙarfe

Asalin maganaɗisu wani baƙin dutse ne na tama, wanda ya ƙunshi ƙarfe da iskar oksijin. Aristotle ya ruwaito cewa Thales na birnin Miletus, wanda ya rayu kimanin shekara ɗari shida kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ɗauka cewa dutsen yana da rai, tunda yana motsa ƙarfe. Wannan bayani bai amfanar da matuƙin jirgi ko maƙeri da komai ba, amma ya nuna cewa tun wancan zamani abin ya tsaya wa masu tunani a rai.

Amfani na farko mai girma daga ƙasar Sin ya fito. A shekarar 1088 wani malami kuma ma'aikacin fada mai suna Shen Kuo ya rubuta cewa idan aka goga kan allura da wannan dutse aka rataye ta da silin siliki, sai ta nuna kudu, sai dai takan ɗan karkata gabas kaɗan. Ba a yi shekara hamsin ba wani marubucin, Zhu Yu, ya ambaci matuƙan jiragen ruwa suna duba allurar idan gajimare ya rufe taurari. A wajajen 1190 Alexander Neckam na Ingila ya yi irin wannan bayani. A Alƙahira kuwa, Baylak al-Qibjaqi ya rubuta a 1282 cewa ya ga matuƙa suna ɗora allura a kan ruwa domin gane alƙibla ta tafiya, a wani balaguro da ya yi zuwa Iskandariyya shekara arba'in kafin nan. A ƙarshen wannan ƙarni kuma Sarkin Yaman al-Ashraf Umar ya bayyana yadda za a yi amfani da kamfas wajen gano alƙiblar salla.

A shekarar 1269 wani Bafaranshe, Petrus Peregrinus, ya rubuta wata doguwar wasiƙa yana cikin sansanin sojojin da suka yi wa garin Lucera na Italiya ƙawanya. A cikinta ya tabbatar da ƙa'idojin da har yau ake koya wa yara. Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, na arewa da na kudu. Kawuna masu bambanci suna jan juna, masu kama da juna kuwa suna tunkuɗe juna. Idan kuma aka karya maganaɗisu biyu, ba za a samu kan arewa daban da kan kudu daban ba, kowane gutsure zai zama cikakken maganaɗisu mai kawunansa biyu.

William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ya wallafa littafinsa De Magnete a 1600. Ya sassaƙa dutsen maganaɗisu ya mai da shi dunƙule kamar ƙwallo, ya riƙa zagaya shi da ƙaramar allura, sai ya ga tana yin irin abin da kamfas ke yi a sassa daban-daban na duniya. Daga nan ya yanke cewa duniyar kanta wani ƙaton maganaɗisu ce. Ya kuma nuna cewa ƙarfen da aka gasa ya yi jajir yakan rasa ƙarfin jansa. Sai dai Gilbert ya raba maganaɗisu da lantarki rabuwa ta sosai, kuma hujjojinsa masu ƙarfi ne: ƙaron da aka goga yana jan kowane abu marar nauyi, maganaɗisu kuwa ƙarfe yake ja, ƙaro sai an goga, dutse kuwa a haka yake. Wannan rabuwa ta zauna a zukatan masana fiye da shekara ɗari biyu.

Allurar da ta juya a Danmak

Duk da haka akwai alamun da suka ƙi bin wannan ƙa'ida. An sha samun rahoton jiragen ruwan da tsawa ta faɗa wa, aka tarar kamfas ɗinsu ya rikice. Matsalar ita ce lantarkin da masana ke iya samarwa a lokacin tartsatsi ne kawai, kafin ƙiftawar ido ya wuce, ba ya tsayawa balle a nazarce shi. Alessandro Volta na Italiya ne ya warware wannan a 1800, da ya jera faya-fayen tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da takardar da aka jiƙa da ruwan gishiri. Wannan shi ne batir na farko, kuma da shi aka fara samun wutar da ke gudana cikin waya babu yankewa.

Hans Christian Oersted, malami a jami'ar Kopenhagen, yana cikin waɗanda suka yi imani cewa ƙarfafan halitta tushensu ɗaya ne. A watan Afrilu na 1820, a lokacin wata lacca, ya lura cewa allurar kamfas da ke kusa da waya ta motsa da aka haɗa wayar da batir. Ya shafe watanni yana maimaita gwajin da batir mafi ƙarfi, sannan a ranar 21 ga Yuli ya buga sakamakon a ƴar takarda mai shafi huɗu cikin harshen Latin, ya aika wa masana a faɗin Turai.

Abin da ya ba kowa mamaki shi ne yanayin motsin. Duk wani ƙarfi da aka sani a da, ko dai ya ja abu kai tsaye ko ya tunkuɗe shi. Wannan kuwa gicciye allurar yake yi. Idan wayar na saman allura, sai ta juya gefe guda. Idan aka mai da ita ƙasa, sai ta juya ɗaya gefen. Idan aka sauya kawunan batir, sai komai ya juye. Ma'anar hakan ita ce ƙarfin maganaɗisu zagaya wayar yake yi, kamar yadda munduwa ke zagaye hannu.

Ampère da naɗin waya

Labarin ya isa Cibiyar Kimiyya ta birnin Paris a farkon Satumba ta bakin François Arago. Daga cikin masu sauraro akwai André-Marie Ampère, malamin lissafi, wanda aka fille wa mahaifinsa kai a birnin Lyon a 1793 lokacin juyin juya halin Faransa. Ba da jimawa ba Ampère ya nuna cewa ba ma sai da kamfas ba: wayoyi biyu da aka jera, idan wuta na bin su ta fuska ɗaya suna jan juna, idan ta fuskoki mabambanta ce suna tunkuɗe juna.

Daga nan ya yi tunanin da ya haifi solenoyid. Ƙarfin da ke zagaye miƙaƙƙiyar waya rarrauna ne, domin a warwatse yake. Idan aka lanƙwasa wayar ta zama zobe, ƙarfin kowane ɓangare na zoben zai ratsa tsakiya ta fuska ɗaya, ya taru a wurin. Idan kuma aka naɗa wayar zobe bayan zobe, kamar yadda ake naɗa zare a jikin kwarkwaro, ƙarfin zobban zai haɗu ya zama ɗaya, ya bi ta cikin ramin daga wannan baki zuwa wancan. Irin wannan naɗi yana yin duk abin da sandar maganaɗisu ke yi: yana da kan arewa da kan kudu, yana jan ƙarfe, idan an rataye shi yana fuskantar arewa. Ampère ya ba shi suna daga kalmar Girkanci solen, wato bututu.

Abubuwa biyu ne ke ƙayyade ƙarfin naɗin: yawan wutar da ke bin wayar, da yawan zobban da aka cusa a kowane tsawo. Idan aka ninka ɗaya daga cikinsu, ƙarfin ya ninku. Ana gane kan arewa da hannun dama: idan aka dunƙule yatsu huɗu suka bi hanyar da wuta ke zagayawa, babban yatsa zai nuna shi. Arago da Ampère sun kuma nuna cewa allurar da aka sa a cikin naɗin takan fito ta zama maganaɗisu. A shekarar dai Johann Schweigger na Jamus ya naɗa waya a kewayen kamfas, ya samar da na'urar farko ta auna wutar lantarki.

Ampère bai tsaya nan ba. Ya ce idan wuta mai zagayawa na iya zama maganaɗisu, to wataƙila shi ma dutsen maganaɗisu ba komai ba ne face tarin ƙananan wutace da ke zagayawa cikin ƙwayoyin ƙarfen. Ba shi da hanyar tabbatar da hakan, kuma da yawa sun ƙi yarda. Sai bayan da J. J. Thomson ya gano ƙwayar elektron a 1897, Pierre Weiss ya kawo bayanin rukunonin maganaɗisu a 1907, aka kuma gano a 1925 cewa kowace elektron ita kanta ƙanƙanin maganaɗisu ce, sannan aka fahimci cewa ya kusanci gaskiya ƙwarai. A cikin ƙarfe ƙwayoyin sukan haɗu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fuskanci gefe guda. A ƙusa ta yau da kullum rukunonin sun fuskanci ko'ina, ƙarfinsu yana kashe juna. Idan aka sa ƙusar a cikin naɗin waya mai wuta, sai su daidaita sahu, ƙarfinsu ya ƙaru a kan na naɗin ninki ɗaruruwa ko ma dubbai. Wannan ya bayyana abin da Peregrinus ya gani, domin kowane gutsure yana ɗauke da nasa rukunonin. Ya kuma bayyana abin da Gilbert ya gani, domin zafi yana girgiza ƙwayoyin ya wargaza sahun. A ƙarfe hakan na faruwa ne a digiri 770 na ma'aunin Selshiyus.

Baduku da malamin makaranta

Wanda ya fara mai da wannan ilimi kayan aiki ba ɗan jami'a ba ne. An haifi William Sturgeon a 1783 a yankin Lancashire na Ingila, ya koyi ɗinkin takalma, sannan ya shiga soja, inda ya koyar da kansa lissafi da kimiyya da littattafan aro. A 1825 ya gabatar wa wata ƙungiyar bunƙasa sana'o'i a Landan wata sandar tattausan ƙarfe da ya lanƙwasa kamar kofaton doki, mai nauyin kusan giram 200. Ya shafe ta da fenti mai hana wuta ratsawa, ya naɗa mata wayar jan ƙarfe sau 18. Da ya haɗa ta da batir sai ta ɗaga nauyin kusan kilo 4, wato ninki ashirin na nauyinta. Da ya cire wayar sai kayan suka faɗi.

Wannan faɗuwar ita ce muhimmin abin. Ƙarfe mai tauri irin na allura da wuƙa yana riƙe maganaɗisu bayan an cire wuta, domin rukunoninsa ba sa saurin komawa yadda suke. Tattausan ƙarfe kuwa nan take yake saki. Dutsen Magnesiya ba ya jin umarni, kullum cikin ja yake. Abin da Sturgeon ya ƙera ana kunna shi, ana kashe shi, kuma mai kunnawar ba dole ne ya tsaya kusa da shi ba.

Naƙasar na'urar ita ce wayar tsirara take, saboda haka dole a bar tazara tsakanin zobba kada su taɓa juna wuta ta yanke hanya. Joseph Henry, malamin makaranta a garin Albany na jihar New York, ya lulluɓe wayar kanta da zaren siliki, abin da ya ba shi damar naɗa ɗaruruwan zobba, wani a kan wani. A 1831 ya ƙera wa kwalejin Yale maganaɗisun da ya ɗaga fiye da kilo 900.

Henry ya kuma warware wata matsala da ta fi wannan muhimmanci. Shekaru kaɗan kafin nan Peter Barlow na Ingila ya gwada aika wuta ta doguwar waya, ya ga tana raunana, ya yanke cewa aika saƙo da lantarki ba mai yiwuwa ba ne. Henry ya nuna cewa maganin shi ne a daidaita batir da naɗi: batir mai ɗakuna da yawa a jere yana iya tura wuta ta doguwar waya, naɗi mai zobba masu yawa kuma yana iya cin moriyar ƴar wutar da ta iso. A gaban ɗalibansa ya zagaya waya mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi a cikin ginin makarantar, ya sa maganaɗisun da ke ƙarshenta ya motsa wata sanda ta bugi ƙararrawa.

A daidai wannan lokaci, ranar 29 ga Agusta 1831, Michael Faraday, ɗan maƙeri wanda ya fara rayuwa da ɗinkin littattafai, ya gano ɗaya fuskar al'amarin a Landan. Ya naɗa wayoyi biyu a jikin zoben ƙarfe guda, ya ga cewa kunna wuta ko kashe ta a waya ta farko yana haifar da wuta ta ɗan lokaci a ta biyu. Bayan makonni ya nuna cewa cusa sandar maganaɗisu cikin naɗi da zare ta ma yana yin haka. Wato maganaɗisu mai motsi ko mai sauyawa yana haifar da lantarki. A kan wannan ne janareta da taransifoma suke aiki har yau. Henry ma ya gano hakan da kansa, amma Faraday ya riga shi bugawa.

Rigimar tangarahu

Samuel Morse mai zanen hoto ne, iliminsa na lantarki kaɗan ne. A 1832, a jirgin ruwa yana komawa Amurka daga Turai, ya ji hirar maganaɗisun lantarki, tunanin tangarahu ya shige shi. Na'urarsa ta farko ba ta iya aiki a nesa ba, sai da abokin aikinsa Leonard Gale, wanda ya karanta rubutun Henry, ya nuna masa yadda zai gyara batir da naɗi. A Ingila kuwa William Cooke da Charles Wheatstone sun riga sun yi rajistar tasu na'urar mai allurai a 1837. Majalisar dokokin Amurka ta ba Morse dala 30,000 a 1843, kuma ranar 24 ga Mayu 1844 ya aika saƙo daga Washinton zuwa Baltimo, tazarar kimanin kilomita 60. Abin da ke ƙarshen wayar bai wuce abin Sturgeon da Henry ba: wuta ta zo, ƙarfe ya ja, alama ta fita a takarda, wuta ta yanke, ƙarfe ya saki.

Da dukiya ta fara shigowa sai shari'u suka taso. A cikin takardar mallakarsa Morse ya nemi a ba shi haƙƙin duk wata hanya ta amfani da maganaɗisun lantarki wajen rubuta alama daga nesa, ko da da wace irin na'ura ce. An kira Henry ya ba da shaida, ya faɗi abin da ya sani game da waɗanda suka riga Morse, abin da ya jawo gaba mai tsanani tsakaninsu. A 1854 Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar wa Morse haƙƙin na'urarsa da tsarin alamominsa, amma ta soke waccan faffaɗar buƙata. Hujjar kotun ita ce mutum yana iya mallakar hanyar da ya ƙirƙira, amma ba zai mallaki ƙarfin halitta ya toshe wa waɗanda za su zo da hanyoyin da suka fi tasa ba. Har yau lauyoyi na kafa hujja da wannan hukunci.

Rabon da kowa ya samu bai yi daidai da wahalarsa ba. Morse ya mutu attajiri, har gwamnatocin Turai suka haɗa masa kyautar faran 400,000 a 1858. Henry, wanda bai taɓa yin rajistar komai ba domin yana ganin ilimi na kowa ne, ya zama shugaban farko na Cibiyar Smithsonian a 1846. Sturgeon kuwa, wanda ya kafa mujallar lantarki a 1836 inda matashi James Joule ya buga rubuce-rubucensa na farko, ya mutu cikin talauci a 1850 kusa da Manchesta. An sa wa ma'aunan kimiyya sunayen Ampère da Volta da Faraday da Henry da Oersted, shi ba a sa nasa ba. Irin wannan ne Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kammalawa

Naɗin waya a jikin ƙarfe bai tsaya a tangarahu ba. Idan aka bar sandar ƙarfen tana iya zamewa a cikin naɗin, wuta na zuwa sai ta zuƙe ta ciki, wani sifirin kuma ya dawo da ita idan wuta ta yanke. Ƙarar da ake ji idan an murɗa makullin mota ta irin wannan solenoyid ce, wanda ke tura haƙoran kik su kama injin, ya kuma haɗa babbar wutar batir. Shi ne ke buɗe wa ruwa hanya a injin wanki. A cikin lasifika kuwa ɗan naɗi ne ke kai da komo a gaban maganaɗisu yana girgiza iska. A manyan asibitoci na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ƙaton solenoyid ce da majinyaci ke shiga cikin raminta, ƙarfinta ya ninka na duniya sau dubbai masu yawa.

Harshen Hausa ma ya ajiye shaidar wannan tarihi. Tangarahun da ya iso ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka ta kan turaku ya zo, shi ya sa aka ce an buga waya, aka kuma kira ofishin aika saƙo gidan waya. Wayar hannu ta yau ba ta da igiya ko ɗaya da ta haɗa ta da wani gari, amma ta gaji sunan, kuma a cikin ƴar lasifikarta akwai naɗin jan ƙarfe da ke aiki bisa ƙa'idar da Ampère ya bayyana a 1820.